Yadda Ake Gano Shan Barasa Mai Cutarwa da Kula da Masu Shi a Ƙaramin Asibiti

Wanda barasa ke ci a hankali ba ya shigowa ɗakin ganin likita ya ce giya ce ta kawo shi. Da ciwon ciki yake zuwa, ko rashin barci, ko hawan jinin da ya ƙi sauka duk da an haɗa masa magani kala uku, ko rauni a goshi ya ce tuntuɓe ya yi. A duba abin da ya faɗa, a rubuta magani, a kira na gaba. Haka zai yi ta zarya shekara da shekaru, sai ranar da idonsa ya yi shawara, ciki ya kumbura, sannan a tuna a tambaye shi ko yana sha. A lokacin hanta ta riga ta ji jiki.

A rahoton da ta fitar a 2024, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019, kuma kimanin mutum miliyan 400 ne ke fama da lalurar shanta. Da yawansu sun sha zama a kan kujerar da ke gabanka. Na rubuta wannan ne domin sabon ma'aikacin lafiya, likita ne ko nas ko jami'in lafiyar al'umma, wanda yake so asibitinsu ya daina barin irin waɗannan mutane suna wucewa. Aikin ba ya bukatar babbar na'ura. Tsari yake bukata, wato a tambayi kowa, a tambaye shi ta hanya ɗaya, kuma a san abin da za a yi da amsar.

Abubuwan da za ka tanada

Na farko, takardar AUDIT, wato tambayoyin gano shan barasa mai cutarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta fitar da ita a 1989, ta sabunta ta a 2001. Tambaya goma ce, kuma ukun farko su kaɗai ana kiransu AUDIT-C. Ka tanade ta da yaren da majinyatanku ke ji, ka gwada karanta wa wani a bayyane kafin ka buga da yawa, domin tambayar da ke da daɗin karantawa a takarda tana iya yin nauyi a baki.

Na biyu, katin awo. Tambayoyin nan duka a kan awo suke, kuma awo ɗaya a lissafin Hukumar shi ne giram 10 na tsantsar sinadarin barasa. (A Amurka giram 14 suke ƙirgawa, a Birtaniya giram 8, saboda haka ka lura da inda takardar da ke hannunka ta fito.) Lissafin giram ba wuya: yawan mililita, sau ƙarfin da aka rubuta a jikin kwalba, sau 0.79, a raba da ɗari. Kwalbar giya mai mililita 500 da ƙarfin kashi 5 cikin ɗari tana da kusan giram 20, awo biyu ke nan. Kwalbar giyar inabi mai mililita 750 da ƙarfin kashi 12 tana da kusan giram 71, awo bakwai. Barasa mai zafi ta kashi 40, mililita 30 kacal ya kai awo ɗaya. Ka zana kwalabe da kofuna a kati, ka rubuta awon kowanne a ƙasansa, ka rufe shi da leda. Majinyaci ya nuna da yatsa ya fi masa sauƙi a kan ya yi bayani.

Sauran su ne wuri mai ƙofa da ake iya rufewa, gurbi a katin majinyaci ko a kwamfuta inda za a rubuta maki, na'urar awon jini da ta gwajin suga, bitamin B1 na sha da na allura, Diazepam (maganin kwantar da jijiyoyi) a ƙarƙashin kulle, da jerin wuraren da za ku iya tura mutum. Wannan jerin, ka kira kowace lamba da kanka ka tabbatar ana ɗauka, ka ji ranakun da suke karɓar sababbi.

Idan babu ɗaki, labule da yin ƙasa da murya sun fi babu, ko kuma a ba wanda ya iya karatu takardar ya cike da kansa ya naɗe ya miƙo. Idan babu injin buga takarda, a rubuta tambayoyi ukun a bangon rajistar awon jini.

Mataki na 1: Ku raba aikin kafin ku fara

Abin da ya fi kashe wannan aiki shi ne a bar shi a hannun "duk wanda ya tuna". Ku zauna, daga mai ba da kati har mai ɗakin magani, ku yanke abu uku: wa zai yi tambayar, a wane lokaci, ina za a rubuta. Abin da na ga ya fi ɗorewa shi ne wanda ke auna jini da nauyi ya yi tambayoyi ukun a zama ɗaya, ya rubuta makin kusa da awon jinin, likita ya gani da buɗe kati.

A tambayi duk wanda ya kai shekara 18, sau ɗaya a shekara, da duk mai juna biyu a zuwanta na farko. Kwamitin da ke ba da shawara kan rigakafi a Amurka ya tsaya a kan tantance dukkan manya, har da masu ciki, a shawarar da ya fitar a 2018. Sai kuma a sake tambaya duk lokacin da aka ga hawan jini mai taurin kai, yawan faɗuwa ko haɗari, ƙwannafi da aman da ba sa ƙarewa, damuwa, rashin barci, ko mai tarin fuka ko cuta mai karya garkuwar jiki da yake tsallake magani.

Kada ka zaɓi wanda za ka tambaya da ido. Wanda ya shigo da tsabta da ƙamshin turare, da dattijuwa mai jikoki, da ma'aikacin da ake girmamawa, duk suna cikin layi. Inda shan barasa abin kunya ne ko haramtacce, mutane sun fi ƙwarewa a ɓoyo, kuma nan ne tambayar kowa ta fi amfani, domin babu wanda zai ji an ware shi.

Mataki na 2: Buɗe maganar

Ka rufe ƙofa. Idan ɗan rakiya ya shigo, ka roƙe shi cikin ladabi ya ɗan jira a waje, ko da mijinta ne ko ɗansa. Sannan ka ce wani abu kamar haka:

"Baba, akwai tambayoyin da muke yi wa duk wanda ya zo, kan taba da barci da barasa, saboda suna shafar maganin da za mu ba ka. Abin da ka faɗa a nan zai tsaya. Ka yarda in tambaya?"

Ka lura da yadda ake gina tambayar. "Ba ka shan giya dai ko?" ta riga ta gaya masa amsar da kake so, kuma ita zai ba ka. Haka nan "kai mashayi ne?" Wannan kalmar ka cire ta daga bakinka da kuma katin majinyaci, domin babu wanda zai amsa ta. Ka riƙe fuskarka yadda take ko da ya ambaci adadin da ya girgiza ka. Mutum yana kallon girarka kafin ya ƙarasa jimla, kuma idan ta ɗaga, sauran maganar ta koma ciki.

Idan ya ce bai taɓa sha ba, ka rubuta sifili, ka yi godiya, ka wuce. Ba bincike kake yi ba. Wanda ya ɓoye yau, ya ga ba a tsare shi da ido ba, sau da yawa shi ne zai ɗauko maganar da kansa a zuwa na gaba.

Mataki na 3: Tambayoyi uku da lissafinsu

Dukkansu a kan shekara ɗaya da ta wuce ne.

Ta farko: sau nawa kake shan abin da ke da barasa? Ban taɓa ba, maki 0. Sau ɗaya a wata ko ƙasa da haka, 1. Sau biyu zuwa huɗu a wata, 2. Sau biyu zuwa uku a mako, 3. Sau huɗu ko fiye a mako, 4.

Ta biyu: ranar da ka sha, awo nawa kake sha? Ɗaya ko biyu, 0. Uku ko huɗu, 1. Biyar ko shida, 2. Bakwai zuwa tara, 3. Goma ko fiye, 4.

Ta uku: sau nawa kake shan awo shida ko fiye a zama ɗaya? Ban taɓa ba, 0. Ƙasa da sau ɗaya a wata, 1. Duk wata, 2. Duk mako, 3. Kullum ko kusan kullum, 4.

Jimilla tana tsakanin 0 da 12. Iyakar da aka fi amfani da ita ita ce maki 4 ga namiji, 3 ga mace. Wanda ya kai nan sai a ci gaba da shi. Idan ma'aikatar lafiyar ƙasarku ta sa wata iyaka, ita za ku bi. Ga mai juna biyu kuwa, duk makin da ya wuce sifili abin magana ne.

Kuskuren da ya fi yawa a tambaya ta biyu yake. Mutum ya ce "kwalba uku", a rubuta uku, alhali babbar kwalba ce mai awo biyu, wato shida ya sha. Ka ajiye masa katin awo ya nuna. Idan abin da yake sha ba shi da rubutu a jiki, kamar wanda aka haɗa a gida, ka tambayi girman mazubin da sau nawa ake cika shi, ka rubuta yadda ya faɗa, ka ɗauki ƙiyasi na sama.

Ranar da layi ya yi tsawo, akwai tambaya guda da cibiyar binciken barasa ta Amurka ta ba da: a shekarar da ta wuce, sau nawa ka sha biyar ko fiye a rana ɗaya (huɗu ga mace)? A nan ɗaya na nufin kamar gwangwanin giya mai mililita 350. Ko sau ɗaya ya ce, a ci gaba da shi.

Mataki na 4: Rarrabe masu haɗari da waɗanda jikinsu ya kamu

Maki mai yawa bai gaya maka cutar ba, ya dai ce ka ƙara dubawa. Ka ƙarasa sauran tambayoyi bakwai na AUDIT. Suna tambaya ne kan kasa tsayawa bayan an fara, kasa sauke nauyin da ke kai saboda sha, bukatar sha da safe kafin jiki ya daidaita, nadama bayan sha, manta abin da ya faru jiya da dare, jin rauni ko ji wa wani, da ko wani ya taɓa nuna damuwa. Jimillar duka goman tana kaiwa 40. Daga 8 zuwa 15, shawara a taƙaice. Daga 16 zuwa 19, tattaunawa da bibiya ta kusa. Daga 20 zuwa sama, mai yiwuwa jiki ya kamu, ana bukatar cikakken bincike da magani.

Tambaya biyu ba na barin kowa ya fita ban yi masa ba. Me ke faruwa da jikinka idan ka kwana ɗaya ko biyu ba ka sha ba? Ka taɓa yin jijjiga ko gane-gane bayan ka daina? Sannan ka ce ya miƙa hannuwansa gaba ya buɗe yatsu. Ka ɗora takarda a bayan hannun idan kana shakka. Karkarwar da ido bai kama ba, takarda za ta nuna. Ka taɓa tafinsa ka ji ko da gumi, ka ƙirga bugun zuciya, ka duba farin ido, ka lalubi ƙasan haƙarƙarin dama.

Gwajin jinin hanta yana da amfani wajen ganin ɓarnar da aka yi da kuma zaɓen magani, amma kada ka mai da shi madadin tambaya. Mutum yana iya shan abin da ke cutar da shi gwajinsa ya fito lafiya lau. Rashin ɗakin gwaji ba hujjar fasa aikin ba ne.

Ka tambayi damuwa da tunanin kashe kai kai tsaye, domin barasa tana rage wa mutum birki a lokacin da yake cikin ƙunci. Ka tambayi sauran abin da yake sha, musamman tramadol da kodin da ƙwayoyin barci, waɗanda haɗa su da barasa kan danne numfashi. Ka tambayi yadda gida yake, ko akwai wanda ake duka.

Mataki na 5: Gajeriyar tattaunawa

Mafi yawan waɗanda makinsu ya kai ba su kamu ba, suna dai sha fiye da abin da jiki zai ɗauka. Su ne wannan mataki ya fi yi wa amfani, kuma minti biyar zuwa goma sha biyar ya isa. Salon ya samo asali daga aikin William Miller, masanin halayyar ɗan Adam, wanda ya fara bayyana shi a 1983, daga baya suka faɗaɗa shi da Stephen Rollnick. Gindin maganar shi ne mutum ya fi bin dalilin da ya fito daga bakinsa a kan wanda aka ɗora masa.

Ka fara da gaya masa sakamakon, ka ɗaure shi da abin da ya kawo shi. "Malam, makinka ya nuna abin da kake sha ya kai inda yake taɓa lafiya. Ina ganin yana da hannu a jinin nan da ya ƙi sauka. Kai ya ka gani?" Sai ka yi shiru. Shirun nan yana da nauyi, kuma sabon ma'aikaci yakan yi saurin cike shi da bayani. Ka bar shi ya cike.

Ka tambayi abin da yake samu a shan, da gaske kake tambaya. Wani barci yake nema, wani abokan zama, wani yana gudun tunanin bashi ko rashin da aka yi masa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sannan ka tambayi abin da ba ya so game da shi. A nan za ka ji kuɗin da ke zurarewa, da faɗan gida, da ranar da 'yarsa ta gan shi ya kasa hawa matakala. Ka maimaita masa kalmominsa yadda ya faɗe su.

Akwai wata dabara mai sauƙi. Ka ce, daga sifili zuwa goma, yaya muhimmancin ragewa yake a wurinka? Idan ya ce huɗu, kada ka ce me ya sa ba takwas ba, domin zai shiga kare shan. Ka ce, me ya sa huɗu, ba ɗaya ba? Da bakinsa zai jero maka dalilan canji.

Bayan haka ka ba da shawararka a fili, ba kwana-kwana: "A matsayina na mai kula da lafiyarka, shawarata ka daina, idan kuma ba ka shirya ba, ka rage sosai. Zaɓin naka ne." Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa babu adadin barasar da za a ce ba shi da illa, kuma tun 1988 hukumar binciken cutar kansa ta duniya ta sa ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar kansa, irin su ta baki, maƙogwaro da hanta, daga baya ta ƙara ta hanji da nono. Ga wanda ya zaɓi ragewa, littafin jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ya sa iyaka a awo biyu a rana, da aƙalla kwana biyu a mako babu sha. Wasu kuwa babu zancen ragewa gare su, sai dainawa: mai ciki ko mai neman ciki, mai ciwon hanta, mai farfaɗiya, mai shan maganin da ba ya jituwa da barasa, da duk wanda zai tuƙa mota ko ya riƙe inji.

Ku tsaya a kan abu ɗaya da zai iya yi kafin ya dawo, shi ya zaɓa, kai ka rubuta. "Zan rage" ba shiri ba ne. "Ba zan sha Litinin zuwa Alhamis ba, kuma ba zan ajiye a gida ba" shiri ne. Idan ya ce shi bai ga matsala ba, kada ka ja. Ka ce ka ji, ka nemi izinin sake ɗauko maganar wani zuwan, ka yi masa maganin abin da ya kawo shi da kyau. Wa'azi da tsoratarwa da kiran iyali a yi masa taron dangi, abin da suke haifarwa shi ne ya canza asibiti.

Mataki na 6: Kada ka ce wa wanda ya kamu ya yanke lokaci ɗaya

Wannan shi ne gargaɗin da ya fi kowanne girma. Ƙwaƙwalwar da ta daɗe barasa na danne ta takan ƙara ƙaimi don ta daidaita. Idan aka janye barasar kwatsam, ƙaimin ya rage babu mai riƙe shi. Daga awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe karkarwa da gumi da tashin zuciya da fargaba suke farawa. Jijjiga irin ta farfaɗiya takan zo cikin kwana biyun farko. Mafi muni, wato ruɗewa da gane-gane da zazzaɓi da bugun zuciya mai sauri, yakan bayyana a kwana na biyu zuwa na huɗu, kuma yana kisa idan ba a yi magani ba. Ka tuna da wannan har ga wanda aka kwantar saboda wani ciwo daban, kamar karaya, ya fara sambatu a dare na uku.

A tura asibitin kwanciya duk wanda ya taɓa jijjiga ko ruɗewa a baya, mai ciki, mai ciwon hanta ko zuciya ko huhu mai tsanani, mai tunanin kashe kansa, mai haɗa barasa da ƙwayoyi, tsoho mai rauni, da wanda ba shi da mai kwana da shi. Kafin ya samu gado, ka gaya masa kada ya yanke, ya riƙe yadda yake ko ya ɗan rage a hankali. Maganar tana da nauyi a bakin ma'aikacin lafiya, amma ita ce daidai.

Wanda alamunsa masu sauƙi ne, ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗancan, yana da mai kula da shi, kuma zai iya zuwa kullum, ana iya yi masa a gida. Mai ikon rubuta magani zai ba da Diazepam bisa ƙa'idar ƙasarku, ana rage shi kullum har ya ƙare cikin kwana uku zuwa bakwai. A ba da na rana ɗaya kawai, a hannun mai kula da shi, kada a ba wanda ya zo a buge, kada kuma a bar shi ya zarce mako, domin shi ma ana kamuwa da shi. Ga mai raunin hanta ko tsoho, Lorazepam ya fi dacewa. A fara a farkon mako, don kwanaki masu haɗari su faɗo lokacin da asibiti ke buɗe.

Kowa a ba shi bitamin B1, miligiram 100 a rana. Wanda ya rame, ko yake tangaɗi ba tare da ya sha ba, ko ya ruɗe, ko idanunsa ke rawa ko suka kasa juyawa, wannan allura yake bukata cikin gaggawa, da adadi mai yawa, sannan a tura shi. Jinkiri na iya barinsa da mantuwar da ba ta warkewa. Ka gwada suga ga duk wanda ya zo a ruɗe. Idan sugan ya faɗi ka ba da ruwan suga nan take, ka haɗa da bitamin ɗin, kada ka tsaya jiran ɗaya saboda ɗaya. Kada kuma warin barasa ya hana ka duba kansa ko ya bugu.

Mataki na 7: Maganin hana komawa

Ma'aikata da yawa ba su san akwai shi ba, wasu kuma suna ɗauka sai likitan ƙwaƙwalwa ne zai rubuta. Tun 2023 Naltrexone da Acamprosate suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ƙaramin asibiti na iya ba da su.

Naltrexone, miligiram 50 sau ɗaya a rana, yana rage daɗin da ake ji da kuma kwaɗayin ƙari, kuma ana iya fara shi ko mutum bai gama dainawa ba. Sharaɗinsa babba shi ne kada a ba mai shan tramadol, kodin, ko wani dangin ofiyam, sai ya yi kwana 7 zuwa 10 rabonsa da su, in ba haka ba zai jefa shi cikin ciwon yankewa mai tsanani. Ba a ba mai kumburin hanta mai zafi ko wanda hantarsa ta gaza.

Acamprosate, miligiram 666 sau uku a rana, ya fi dacewa da wanda ya riga ya daina yana so ya ɗore. Ta ƙoda yake fita, saboda haka ya yi wa mai ciwon hanta, amma ana rage shi ga mai raunin ƙoda, ba a ba wanda ƙodarsa ta lalace sosai. Gudawa ce illarsa da aka fi gani, ka faɗa masa tun farko.

Disulfiram yana sa wanda ya sha barasa a kansa amai, jan fuska, bugun zuciya da faɗuwar jini. Sai ga wanda ya fahimta, ya yarda, kuma akwai mai ganin ya haɗiya. Iyali za su zo su roƙe ka ka ba su su riƙa saka masa a ɓoye. Kada ka yarda ko sun yi kuka, domin yana iya kashe mai ciwon zuciya.

Ana ci gaba da maganin wata uku zuwa shekara. Idan babu ko ɗaya a ɗakin maganinku, ku rubuta buƙata da adadin majinyatan da kuka gano, ku kuma riƙe mutum da zuwa akai-akai da tattaunawa, wanda shi kansa magani ne.

Mataki na 8: Bibiya da turawa

Ka ba da ranar dawowa kafin ya tashi: mako biyu zuwa huɗu ga mai ragewa, mako ɗaya ga wanda ya fara magani. Ka tambayi lambar da za a iya kiransa a kai ba tare da asirinsa ya tonu ba, da abin da za a ce idan wani ya ɗauka. Da ya dawo, ka nuna masa abin da ya canza a lamba, jinin da ya sauka ko nauyin da ya dawo. Idan ya koma sha, ka yaba masa da ya dawo, ku duba abin da ya ja shi a ranar, ku gyara shirin. Komawa ruwa abu ne da ake sa rai da shi a wannan lalura, kamar yadda sugan mai ciwon suga kan hau, ba a kuma korar mai suga saboda haka.

Idan za ka tura shi, ka kira wurin yana zaune, ka karɓar masa rana, ka rubuta masa. Takardar turawa da aka miƙa kawai galibi a aljihu take ƙarewa. Ƙungiyoyin taimakon juna irin su Alcoholics Anonymous, wadda aka kafa a Amurka a 1935, suna taimakon mutane da yawa inda suke. Inda babu ƙwararre kusa, jagorar mhGAP ta Hukumar Lafiya ta Duniya an rubuta ta ne musamman don ma'aikatan da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba, kuma tana da babi a kan wannan. Ko ka tura shi, ka ci gaba da ganinsa.

Mataki na 9: Ku duba kanku duk ƙarshen wata

Ku zaro kati ashirin na manyan da aka gani a watan, ba tare da zaɓe ba. A nawa aka rubuta maki? Cikin waɗanda makinsu ya kai, nawa aka yi wa tattaunawa? Nawa suka dawo? Ku rubuta lambobi ukun a allon ɗakin ma'aikata, babu sunan majinyaci, babu na ma'aikaci.

Idan kusan kowane kati sifili ne, kada ku yi murna tukuna. Ka je ka tsaya kusa da teburin awon jini ka saurara. Sau da yawa za ka tarar ana yin tambayar da ƙarfi a gaban layi, ko an mai da ita "ba ka sha dai ko?", ko ana cike gurbin ba a tambaya ba saboda kunya. Ku ware rabin awa ma'aikata su gwada yi wa juna tambayoyin, ɗaya ya zama majinyaci, har bakinsu ya saba. Ku gyara abu ɗaya a wata, ku sake zaro kati ashirin a wata mai zuwa, kuma duk sabon ma'aikacin da aka kawo a koya masa tambayoyi ukun a makonsa na farko.